Ƙawancen Manyan Kamfanonin Kayan Sadarwa: Wa Ke Koyo, Wa Ke Saye?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaliban makarantarmu, injiniyan sadarwa wanda ya yi ritaya, ya gabatar a wajen taron ƙungiya na shekara-shekara. Mun buga shi kamar yadda ya karanta, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.





Sa'ad da sakataren ƙungiya ya gaya mini cewa ni aka ɗora wa jawabin bana, sai na ce masa ai ni ban san kome ba sai waya. Ya ce to, a kan wayar ake so in yi magana. Da na duba ajandar taro kuma sai na ga dalili, domin akwai batun wani kamfani da ya kawo tayin haɗa gwiwa da ƙungiyarmu a kafa wa makaranta ɗakin kwamfuta mai intanet, kuma yau za mu yanke shawara. Saboda haka na zaɓi in ba ku labarin yadda manyan kamfanonin da ke ƙera kayan sadarwa suke ƙulla ƙawance da yadda suke warware shi, ko ma tsinci abin da zai amfane mu. Ina roƙon malamanmu su yi mini afuwa in na yi tuntuɓe, yau ba ranar bulala ba ce.

Inda abin ya shafe mu

'Yan ajinmu za su tuna cewa a zamaninmu in ɗalibi yana son kuɗin sabulu, wasiƙa yake rubutawa ya kai gidan waya, ya zauna jiran amsa mako biyu ko uku. Kafin shekarar 2001 layukan tarho da ke aiki a Nijeriya baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan duk a hannun NITEL suke. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agusta na wannan shekara Econet da MTN suka fara aiki. Ana biyan naira 50 a minti, ko da kalma biyu ka faɗa, har sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa.

Daga nan waya ta shiga gona. A 2012 gwamnatin tarayya ta fara aiko wa manoma saƙon karɓar takin zamani ta waya. Mai masara a Dandume ya kan ji farashin Dawanau kafin ya ɗaure buhu. Ba mu gane iyakar dogaron da muka yi da ita ba sai a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, cikinsu har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Kun fi ni sanin abin da ya biyo baya. Mai POS ya zauna ba aiki, mai jiran kuɗin hatsi ya rasa yadda za a turo masa, wasu kuwa sai sun shiga mota sun yi tafiya kafin su gaya wa ɗan'uwa an yi haihuwa ko rasuwa. Wannan abin da rayuwarmu ta rataya a kansa, ko ƙusa ɗaya ta cikinsa ba mu muke ƙerawa ba. Ya kamata mu san masu ƙera shi, mu kuma san halinsu.

Rukuni uku ne a cikin harkar. Akwai masu lasisi, waɗanda muke sayen layi da kati a wurinsu. Akwai masu ƙarafan sabis ɗin nan da muke gani a bakin hanya, waɗanda ke ba da hayarsu. Sa'an nan akwai masu ƙera na'urorin da ke saman ƙarfen da cikin ɗakin da ke gindinsa da kuma wayar da ke aljihunmu. A kan waɗannan na ukun zan fi tsayawa. A farkon shekarun 2000 manyansu su ne Ericsson na Suwidin, Nokia na Finlan, Siemens na Jamus, Alcatel na Faransa, Lucent da Motorola na Amurka, Nortel na Kanada, sai Huawei da ZTE na ƙasar Sin da suke tasowa.

Me ke haɗa kishiyoyi?

Kowa a nan ya san yadda ake yi da damina. Wani yana da shanun huɗa ba shi da garma, wani yana da garma ba shi da shanu, sai su haɗu su yi wa juna huɗa. Babu wanda ya ce suna ƙaunar juna, buƙata ce ta haɗa su. Ran da mai shanu ya sayi garmarsa, zancen ya ƙare. Haka yake ga waɗannan kamfanoni, sai dai su abin da ke tura su shi ne tsadar bincike. Kowace shekara goma, ko kusa da haka, akan sake fasalin fasahar baki ɗaya, daga 2G zuwa 3G zuwa 4G zuwa 5G, kuma kowane sauyi yana cin biliyoyin daloli kafin a sayar da na'ura ko ɗaya.

Ƙawance na farko da zan ambata shi ne wanda ya fi kowane daɗewa. A ranar 7 ga Satumba 1987 wakilan hukumomin waya na ƙasashen Turai 13 suka sa hannu a birnin Kofanhegan cewa za su bi ƙa'ida guda ta wayar salula, ita ce GSM. Kafin nan ƙasashen suna da tsare-tsare iri-iri, wayar da ke aiki a Faransa ba ta aiki a Jamus. Abin da suka yi daidai yake da a ce duk kasuwannin ƙasar nan sun yarda da tiya ɗaya. Kowa zai ci gaba da sayar da hatsinsa, ya yi gasa da maƙwabcinsa, amma ma'auni ɗaya ne. A ranar 1 ga Yuli 1991 aka yi kiran GSM na farko a ƙasar Finlan, a kan na'urorin da Nokia da Siemens suka kafa. Saboda wannan yarjejeniya ce wayar da aka ƙera a ƙasar Sin take magana da na'urar Suwidin a saman ƙarfe a Ƙafur. Dalilin ɗorewarta kuwa shi ne ba ta nemi kowa ya ba da gonarsa ba.

Aurarrakin da suka mutu

Iri na biyu shi ne wanda kamfanoni biyu ke zuba dukiya su kafa kamfani guda, kowa da rabi. A watan Maris na 2000 gobara ta tashi a wata masana'antar Philips da ke Amurka, wadda ke yi wa Nokia da Ericsson 'yan ƙananan sassan nan da ke zaman ƙwaƙwalwar waya. Nokia ya yi maza ya nemi wasu masu kawo masa, Ericsson ya yi jinkiri, ya tafka babbar asara. A watan Oktoba na 2001 ya haɗa sashensa na wayar hannu da na Sony na Japan, aka sami Sony Ericsson. Ericsson ya san rediyo, Sony ya san kiɗa da kyamara, kuma sun ci kasuwa na 'yan shekaru. Da iPhone ta fito a 2007 sai kasuwar ta sake kama, abin da Ericsson ke kawowa ya daina zama dole. A 2012 Sony ya biya shi Yuro biliyan 1.05 ya karɓe kamfanin. Mai shanu ya sayi garma ke nan.

Nokia da Siemens su ma sun haɗa sassansu na na'urorin sadarwa, amma sai da aka jinkirta fara aikin zuwa Afrilu 2007 saboda binciken cin hanci da ake yi wa Siemens. A watan Oktoba na wannan shekara wata kotu a birnin Munik ta ci Siemens tarar Yuro miliyan 201, kuma cikin kuɗaɗen da aka gano har da waɗanda aka biya a Nijeriya. Nokia ba shi ya aikata ba, amma ƙurar ta taɓa shi, domin wanda ya haɗa kwano da kai, abin da ke hannunsa yana shiga miyarka. A 2011 kamfanin haɗin gwiwar ya ba da sanarwar sallamar ma'aikata 17,000, a 2013 kuma Nokia ya sayi rabin Siemens a kan Yuro biliyan 1.7.

Alcatel da Lucent kuwa narkewa suka yi suka zama ɗaya a ƙarshen 2006, shugaba guda Bafaranshe, guda Ba'amurkiya. Asara ta yi ta bin asara, kuma a 2008 dukansu biyu suka sauka. A 2016 Nokia ya haɗiye kamfanin, a cinikin da ya kai Yuro biliyan 15.6. Nortel, wanda bai sami abokin kirki ba, ya durƙushe a Janairu 2009. Abin mamaki, da aka zo gwanjon takardun mallakar fasaharsa kimanin 6,000 a 2011, sai Apple da Microsoft da Ericsson da Sony da wasu biyu, waɗanda kullum suke gasa da juna, suka haɗa dala biliyan 4.5 suka saye, don kada Google ya samu. Wani lokaci ba buƙatar juna ke haɗa su ba, tsoron na uku ne.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na wayar hannu ta Nokia. Babu gidan da bai san 3310 ba, ko 1100 mai tocila da muka riƙa zuwa gona da ita. A Fabrairu 2011 Nokia ya ajiye manhajarsa ya rungumi ta Microsoft ita kaɗai, alhali sauran masu ƙera waya suna komawa Android. Masu saye suka guje shi. A 2014 Microsoft ya kammala sayen sashen wayar, wanda aka yi cinikinsa Yuro biliyan 5.44, a 2015 kuma ya rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kansa. Nokia ya zuba irinsa duka a gona ɗaya, gonar kuma ba tasa ba.

Wanda ya shiga don ya koya

Yanzu mu duba wani salo dabam. A 1984 gwamnatin ƙasar Sin ta kafa kamfanin Shanghai Bell tare da wani kamfanin Beljiyam, wanda daga baya ya koma hannun Alcatel, domin ƙera na'urorin haɗa kira. Sinawa suna da kasuwa, Turawa suna da fasaha, sai Sinawa suka sa sharaɗin cewa a ƙasarsu za a yi ƙirar, kuma a koya wa injiniyoyinsu. Ilmin bai tsaya a wannan kamfani ba, ya yaɗu.

Huawei an kafa shi a 1987 a birnin Shenzen, kuma da dillancin na'urorin da yake sarowa daga Hong Kong ya fara. A 1993 ya fitar da tasa na'urar, ya fara sayar da ita a ƙauyuka da ƙananan garuruwa inda manyan kamfanoni ba su damu da zuwa ba. A 2003 ya haɗa gwiwa da 3Com na Amurka, bayan 'yan shekaru ya sayar masa da kasonsa a kan dala miliyan 882. Ya yi irin wannan da Siemens da Symantec. Ba a rasa zargi ba, domin a 2003 Cisco ya kai shi kotu a kan satar fasaha, aka janye ƙarar a 2004. A wannan shekara ta 2004 bankin raya ƙasa na Sin ya ware masa damar bashi ta dala biliyan 10, wadda ta ba shi ikon cewa mai saye ya ɗauki kaya yanzu ya biya daga baya. Ga kamfanin waya a Afirka wanda bankunan gida ke ba bashi da tsada, wannan tayi ne mai wuyar ƙi. Zuwa 2012 cinikin Huawei ya zarce na Ericsson.

Amma shi ma yana da inda ya dogara. A watan Mayu na 2019 gwamnatin Amurka ta hana kamfanoninta yi masa ciniki sai da izini, nan take sababbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google. A 2020 Birtaniya ta umarci a cire kayansa daga na'urorin 5G kafin ƙarshen 2027. Watau akwai hannu na uku a kowace yarjejeniya, hannun hukuma, wanda mu ma muka gani a 2021.

Misali na kusa shi ne wayar da ke aljihun yawancinmu a wannan zaure. Kamfanin Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, ya fara a 2006. Ba ya ƙera ƙwaƙwalwar waya, saye yake yi, galibi daga MediaTek na Taiwan, manhaja kuma ta Google ce. Abin da ya kawo shi ne sanin mai saye. Ya lura muna yawo da layi biyu saboda sabis ba tabbas, ya yi waya mai sim biyu. Ya lura da matsalar wutar lantarki, ya yi batir mai daɗewa. Zuwa 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Wannan ilmin a kasuwanninmu ya tsince shi, a bakinmu, kyauta.

Mu fa?

A gida abin da muka fi gani shi ne sauyin fenti. Layin da aka saya a matsayin Econet a 2001 ya zama Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010, mai shagon kati yana ta sake allo. Etisalat ya fara aiki a 2008, a 2017 rikicin bashin dala biliyan 1.2 da bankuna 13 ya sa abokan hulɗarsa na Daular Larabawa suka janye, ya koma 9mobile. A 2014 MTN ya ƙulla yarjejeniyar miƙa ƙarafan sabis sama da 9,000 ga IHS, Airtel kuma ya sayar wa American Tower nasa kimanin 4,800, suka koma biyan haya. A 2025 MTN da Airtel, kishiyoyin juna, suka sa hannu a kan yin tarayya a wasu kayan aiki a Nijeriya da Yuganda. Duk wannan ciniki ne a kan wa zai riƙe mu. Batun wa zai koya mana ƙira bai taso ba.

Mutanen Funtuwa da Malumfashi bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Tun zamanin B.C.G.A. kakanninmu ke noma auduga, a gurje ta a nan, a loda a jirgin ƙasa, ta dawo mana a matsayin atamfa da tsada. Sin ta je teburin ciniki da kasuwarta ta ce sai an koya mata. Mu ma muna da kasuwa, ta mutane sama da miliyan 200, amma mun fi tambayar nawa ne, ba mu cika tambayar yaya ake yi ba.

Na ɗanɗana wannan da kaina. A wani wuri da na yi aiki, wani ɗan allo ya ƙone a cikin na'urar da ke riƙe da layukan gari guda. Muka rubuta wa kamfanin da ya kawo ta, aka amsa mana cewa ya haɗe da wani, kuma sabon kamfanin ya daina yin wannan samfuri. Littafin gyara ba mu da shi, domin ba a sa shi cikin kwangila ba, waɗanda aka tura kwas a kanta kuma duk an yi musu canjin wurin aiki. Wata huɗu muka yi muna ciro sassa daga wata matacciyar na'ura muna liƙawa. Ba mugunta aka yi mana ba. Manya sun yi aurensu a Turai, babu wanda ya tuna da mu, mu kuma ba mu rubuta kome da zai kāre mu ba.

Shawarata ga kwamiti

Ban zo in ce a ƙi tayin da aka kawo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaranmu suna rubuta jarrabawar JAMB a kan kwamfuta, wasu ranar ce farkon taɓa ta. Amma kafin shugaba ya sa hannu, ina roƙon a sami amsar tambayoyi huɗu a rubuce.

Ta farko, me muke kawowa wanda kamfanin ba zai samu ba sai ta wurinmu? Muna da gini, da ɗalibai, da sunan makaranta, da yardar iyaye. Mu san darajarsu kafin mu zauna, kada mu je kamar masu neman taimako.

Ta biyu, wa zai koya? A rubuta adadin malamai da ɗaliban da za a horar su iya gyara da kula da kayan, a kuma rubuta cewa littattafan gyara da lambobin sirri na na'urori za su zauna a ofishin shugaban makaranta.

Ta uku, kayan suna bin tiyar kowa? In batir ko allon hasken rana ko wata na'ura ta lalace, mai gyara a Funtuwa ko Zariya zai iya sa wata a madadinta, ko kuwa sai ta wannan kamfani kaɗai?

Ta huɗu, ran da za a rabu, wa zai ɗauki me? In aka sayar da kamfanin, ko ya rufe, ko ya sami abokin da ya fi mu maiƙo, kwamfutocin na wa ne? Na san a al'adarmu ana jin nauyin zancen saki ranar ɗaurin aure. To amma Sony da Ericsson sun yi kimanin shekara 10 tare, Nokia da Siemens shekara 6, kuma sun fi mu lauyoyi. Abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa. In kamfanin na kirki ne, waɗannan tambayoyi ba za su ɓata masa rai ba.

Ina da 'yan sanin makamar wannan aiki, kuma yanzu ba ni da ofis sai gona. In kwamiti ya ga dama, zan zauna da su mu bi takardar layi-layi kafin a mayar da amsa, ba na neman ko kuɗin mota. Wannan makaranta ce ta fara nuna mini batir da waya da ƙwan fitila a ɗakin kimiyya, kuma malamin da ya nuna mini ga shi can zaune a layin gaba, yana duba ko na yi kuskuren lissafi.